Ƙunshin da Inna Hure Ta Kwance

Shekara talatin da ɗaya Inna Hure ta yi a unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki. Daga Gaya ta zo aikin Hajji, jirginsu ya koma ba da ita ba, kuma ba ta taɓa samun iƙama, takardar izinin zama, ba. Dambu take sayarwa a bakin lungu, amma da riƙon ajiya aka fi sanin ta. Takari, wato irinta masu zama babu takarda, wurinta suke kai abin da suke jin tsoron rasawa: ɗan kunne, likkafani, katin asibiti. Ƙa'idarta biyu ce. Ba ta kwance ƙunshi, kuma hannun da ya ba ta shi ne zai karɓa.

Ƙawar mahaifiyata ce. Bayan na dawo daga karatu na kama aikin tafinta ga matan da aka yi safararsu, nakan biya in ci dambu.

Wata Talata na tarar da baƙuwa a ɗakinta, Kabira, 'yar Zariya. Wani dillali, Ma'aruf, ya kawo ta da bizar Umara da alkawarin aikin shago. Ya karɓe fasfonta, ya kai ta aikatau wani gida a unguwar Shisha, wata goma sha ɗaya ba ta taka waje ba. Da ta gudo, aka gaya mata inda Ma'aruf ke ajiya.

"Inna, fasfona kawai nake so," in ji Kabira.

"'Yata, ci abinci. Ma'aruf ya ba ni ƙunshi, Ma'aruf zai karɓa."

"Ko ya mutu?"

"Magadansa."

Na yi wa Inna Hure bayanin abin da nake gani a wurin aiki. Hukumomin nan da na gida suna musayar bayanai a kan dillalai, kuma macen da aka tabbatar an yaudare ta ba a ɗaukar ta mai laifi. Sai dai ana neman hujja, ga shi hujjar tana ƙarƙashin gadonta.

"Manal, bokon nan bai bar miki kunya ba," ta ce. "In na kai, ba za su tambaye ni tawa takardar ba?"

"Za su tambaya, Inna."

"To kin gani."

Kwana huɗu Kabira tana taya ta tankaɗe. Rana ta biyar da hantsi Inna Hure ta kira ni, ta jawo ƙunshin, ta ciji ƙullin da haƙori ta kwance. Fasfo tara ne, an ɗaure da roba. Ba ta iya karatu ba, hotunan ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ta gane mata uku, sun taɓa sayen dambu.

"Ashe ni ce kwaɗon ƙofar," ta ce.

Na ce ta ba ni in kai, ba sai sunanta ya fito ba. Ta ƙi. Ba a aike da amana, in ji ta, wanda ya kwance shi zai yi bayani da bakinsa.

Mako guda ta yi tana bin gidaje daga Jarwal zuwa Kudai, tana mayar wa kowa ajiyarsa. Ta ba maƙwabciyarta madambacin. Sannan ta ɗauki jakar kayanta, muka shiga tasi mu uku zuwa wurin hukuma.

Ni na fassara maganarta. An kama Ma'aruf, an gano mata bakwai cikin tara, Kabira ta koma Zariya da fasfonta. Inna Hure kuwa, an yi mata godiya, an ɗauki zanen yatsunta, bayan wata biyu aka sa ta a jirgin Kano.

Mukan yi waya. Ta ce Gaya ta canja, ba ta gane hanyar kasuwa, jikokin ƙanenta suna dariyar Larabcin da ke kuɓuce mata. Matan unguwa sun fara kawo mata ajiya.

"Kina karɓa?" na tambaye ta.

"Ina karɓa. Amma sai an kwance a gabana."