Nababa Baduku da Kambun Waya

Duk wanda ya san Marken Dukawa, wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Bagwai, ya san ba a gardamar waya a tashi ba tare da Nababa ya sa baki ba. Abin dariyar kuwa, shi bai taɓa mallakar babbar waya ba. Tasa 'yar ƙarama ce mai madannai, ya ɗaure ta da roba saboda murfin baya ya daina kamawa. Amma in ka zauna kusa da shi sai ya gaya maka kamfanin da ke gaba, da wanda ake shirin kayarwa, da wanda gwamnatin ƙasarsa ke goya wa baya a ɓoye, kai ka ce da shi ake zaman.

Baduku ne ɗan baduku. A rumfar da yake zama aka koya masa riƙe basilla tun bai fi shekara bakwai ba, kuma a nan ya tsufa, yana ɗinka kuben wuƙa da zabira da rufin laya. Da damina yana noma 'yar gonarsa ta gero da gyaɗa kamar kowa. Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu da matarsa Hure, duk mata, duk sun yi aure. Ba ya kuka da wannan, ko kaɗan. Sai dai wani lokaci in ya dubi kayan aikin mahaifinsa, yakan tuna cewa daga shi babu mai ɗauka.

Ilimin wayar nan rediyo ce ta ba shi. Tana rataye a ginshiƙin rumfa tun safe, hannu na aiki kunne na yawon duniya. A nan ya ji labarin shari'ar da aka yi ta tafkawa shekara da shekaru tsakanin wani kamfanin waya na Amurka da wani na Koriya, inda na Amurka ya ce an kwaikwayi fasalin wayarsa, har da yadda aka lanƙwasa kusurwoyinta. Ranar da ya fara jin wannan, sai da ya ajiye basilla ya yi dariya har da tari.

Bayan La'asar ya ɗauki maganar ya kai majalisa. Majalisar tasu a gindin wata darbejiya take, gefen shagon Abdulkabir mai cajin waya, wanda ke da faifan sola biyu a kan rufi da ra'ayi mai tsauri a kan komai. Abdulkabir ɗan goyon bayan kamfanin Amurka ne, ko da yake shi ma a hoto kawai yake ganin wayar tasu.

"Kai Abdulkabir, ji min mutanenka," in ji Nababa. "Wai an sace musu kusurwa! To allon da muka yi karatu da shi fa, wa ya lanƙwasa masa kusurwa? Sai mu ma mu kai ƙara."

"Baba Nababa, ba ka gane ba ne. Mutum ya ɓata shekaru yana tunani, wani ya zo ya kwafa a kwana ɗaya, wannan ai zalunci ne."

"Wane zalunci? Hikima ta Allah ce, ya zuba ta a duniya kowa ya ɗiba. Wanda ya fara ƙera fartanya, ka taɓa jin ya kai maƙera kotu?"

Haka suka yi ta yi shekaru. Da aka zo rikicin da Amurka ta taka wa wani kamfanin Sin birki, Nababa ya ce ai siyasa ce tsagwaronta, irin ta ɗan takarar da ya ga za a kayar da shi sai ya ce a soke akwatin abokin hamayya. Majalisa ta yi ta shewa. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, Nababa kuwa ya kalla ya more.

Sai wata damina abin ya zo har ƙofar rumfarsa.

Manoma sun dame shi da ƙorafi iri ɗaya. Mutum zai sa waya a aljihu ya duƙa noma, ta sulale cikin kunya, fartanya ta rufe ta da ƙasa, sai a wuni ana kira ana kasa kunne a gona. Wanda tasa ba ta faɗi ba, gumi ya kashe ta. Nababa ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Ran nan yana gyaran wani tsohon kambu, irin layar nan ta fata da ake ɗaurawa a damtse, sai dabara ta faɗo masa. Ya yanka jar fata daidai waya, ya yi mata murfi mai maɓalli, ya huda 'yan ramuka bakwai daidai wurin da murya ke fita, ya sa mata maɗauri. Mutum ya ɗaura a damtse, ya yi nomansa yana jin rediyo, in an kira shi ma yana ji.

Wanda ya fara gwadawa ya dawo da mutum uku. Kafin a yi maimai, wato noma na biyu, rabin manoman ƙauyen da abin a damtsensu suke fita. Wasu suna cewa kambun waya, amma yawanci "ɗan Nababa" suke kiransa. Ranar da ya fara jin sunan a bakin wani baƙo, ya shiga gida ya gaya wa Hure sau biyu. Ta ce ta ji tun na farko. Ya yi farin ciki irin wanda bai yi ba tun ranar sunan jikansa na fari, domin a ganinsa ko ya mutu an sami abin da za a riƙa kiran sunansa da shi.

To, Nababa yana da taubashi, Usaini, ɗan gwaggonsa, shi ma baduku, a ƙauyen da ke gaba da nasu. Kowa ya san yadda taubasai suke. Ba sa gaisawa sai da tsiya, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, wannan ya ɗauke hular wancan ya tafi da ita, kuma babu mai ikon yin fushi. Tun suna yara haka suke. Usaini ya zo wata safiya, ya ga kambu a rataye, ya cire ɗaya ya jujjuya.

"Bawa, wa ya koya maka wannan? Kai da ko kube ba ka iya daidaitawa."

"Ajiye min kaya, ɓarawon fura."

"Kayan bawa ai na ubangidansa ne," in ji Usaini, ya jefa a aljihu ya hau babur ɗinsa. Nababa ya bi shi da dariya.

Bambancinsu shi ne Usaini yana da babur, kuma yana da babbar waya. Kasuwar da Nababa zai je sau ɗaya a wata, shi yana zuwa uku a mako. Ya kwance kambun ya ga yadda aka yi, ya ɗinka nasa, ya ɗauki hoto ya watsa a zaurukan manoma na waya. Masu noman rani na bakin dam suka saya, 'yan acaɓa suka saya, har daga Dawakin Tofa ake aiko masa. Kafin shekara ta zagayo, in ka fita daga Marken Dukawa ka ce ɗan Nababa, sai a tambaye ka wane ne haka. Sunan da ya bi kasuwanni shi ne "ɗan Usaini".

Daga nan majalisa ta ga abin mamaki. Nababa ya zo ya zauna ya gyara murya, ya ce shi fa da ya sake tunani, mutanen Amurkan nan suna da gaskiya.

Abdulkabir ya kusa faɗowa daga kan benci. "Baba, sauya sheƙa ka yi? Ko katin jam'iyya ba ka mayar ba!"

"Ba sauya sheƙa ba ne, gaskiya ce ta bayyana. Mutum ya ɓata ƙwaƙwalwarsa, wani ya zo ya kwafa?"

"A'a, hikima fa ta Allah ce, kowa ya ɗiba. Wanda ya fara ƙera fartanya..."

"Fartanya daban!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce lallai wanzami ba ya son jarfa. Nababa ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce tunda Turawa sun kai ƙara, shi ma zai kai.

Kuma ya kai ɗin. Ranar wata Laraba da hantsi ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki kambun farko da ya ɗinka da wani na Usaini da ya sa aka sayo masa, ya tafi zauren Dagaci Zubair. Aka aika aka kira Usaini. Da labari ya bazu cewa Nababa ya kai ƙarar taubashinsa, zaure ya cika har waje, domin kowa ya ɗauka sabon salon wasa ne aka ɓullo da shi, kuma ba wanda yake so a ba shi labari.

Nababa ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya shimfiɗa kambun biyu. Ya nuna murfin, ya nuna maɗaurin, ya ƙirga ramuka bakwai a nan, bakwai a can. Yana ƙirgawa ana dariya. Ya ɗaga murya, dariya ta ƙaru. Dagaci kansa ya kai bakin rawani ya rufe baki.

"Ranka ya daɗe," in ji Usaini, "ni ban taɓa jin inda bawa ya kai ƙarar ubangidansa don ya ɗauki abin gidansa ba. Gobe ma zan zo in ɗauki rediyon."

Zaure ya ruɗe. Dagaci ya ce, "Nababa, ka san tun kaka da kakanni ba a shiga tsakanin taubasai. In na yi hukunci a nan, gobe wani zai kawo min ƙarar hula. Ku je ku ƙarata."

Nababa ya dubi mutanen nan da ya san kowannensu tun yana yaro, ya ga babu ko ɗaya da ya gane da gaske yake. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya tattara kambunsa a hankali, ya juya wajen taubashinsa.

"Malam Usaini," in ji shi, "na gode. Allah ya ba mu alheri."

Sauran mutane ba su lura ba, suna ta dariyarsu. Amma Usaini ya lura. Shekara sittin ba a taɓa kiransa Malam daga wannan bakin ba, dariyarsa ta tsaya nan take.

Washegari da sassafe sai ga babur a ƙofar rumfa. Usaini ya shigo da sallama, abin da bai saba ba, ya zauna a kan buzu.

"Nababa, wallahi na ɗauka wasa ne. Me kake so? In ka ce in daina ɗinkawa, na daina daga yau."

"Ɗinka abinka. Kasuwa ta Allah ce." Nababa bai ɗago daga fatar da yake yanka ba. "Kai kana da maza uku, duk suna riƙe da basilla. Ni wannan ɗan abin ne kaɗai na yi da za a ce nawa ne. Sunan kawai nake so."

Usaini ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranar kasuwar Bagwai ka shirya, zan zo in ɗauke ka. Da bakina na ɓata, da bakina zan gyara."

Ya cika alkawari. Suka shimfiɗa tabarma ɗaya, kambun Nababa a dama, na Usaini a hagu. Usaini ya miƙe tsaye yana ɗaga ɗaya sama, yana shela da iya ƙarfinsa. "Ga ɗan Nababa! A zo a sayi ɗan Nababa! Ga mai shi nan a zaune, shi ya ƙirƙiro, ni kwafa na yi!" Nababa yana gefe yana gyara zaman hula, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Mutane suka yi ta zuwa suna dubawa suna wucewa. Har azahar ta gabato ba a sayi ko uku ba. Sai ga wani manomi daga can wajen dam, ƙafafunsa duk laka, ya tsuguna ya ɗauki ɗaya daga na dama. Ya ja maɗaurin, ya duba ɗinkin, ya gwada wayarsa ta zauna daram.

"Wannan ya yi kyau," in ji shi. "Amma na ji kuna cewa ɗan wane? Ni ɗan Usaini aka ce in saya. An ce yanzu jabu sun yi yawa, kowa kwaikwayo yake."

Usaini ya buɗe baki zai yi bayani, Nababa ya dafa masa gwiwa. Ya ga mutumin ya taho daga nesa, ya ga kuma bayanin ba inda zai kai. Aikin gama ya riga ya gama.

"Baba, kai ne babba, gaya min tsakani da Allah," in ji manomin, ya miƙo masa kambun. "Wannan na asali ne?"

Nababa ya karɓa. Ya shafa ɗinkin da ya yi da hannunsa shekaranjiya, sannan ya mayar masa.

"Na asali ne, ɗana," in ji shi. "Ɗaura abinka."