Ranar da "Outrage" Ta Kusa Kai Injiniya Kurkuku

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta fita raina, lokacin ina sabon malamin Ingilishi a kwaleji nan Matameye. Duk baƙon da ba ya jin Hausa ko Faransanci, ni ake zuwa a ɗauka in yi tafinta, ba a ma tambaya ko ina da darasi.

Ran nan, bayan girbi, aka zo da wani dattijon injiniya ɗan Gana, Mista Mensa. Ƙungiyar da ta gina rijiya a wani ƙauye wajen Tsauni ce ta turo shi ya duba aiki. Abin da ya je ya faɗa shi za a bi, a gyara ko a bari. Muka tafi da wani babban jami'in gwamnati da jandarma ɗaya mai rakiya.

Muka iske rijiyar ta rufta. Ɗan kwangila ya yi rowar siminti ya ɓace, mata sun koma ɗibar ruwan tabki. Mista Mensa ya ɗauki ɓallin ginin ya murza, ya zube kamar garin gero. Ya juya wajen jami'in, ya daka tsawa: "This is an outrage!"

Jami'in ya ce mini, da sunan da ake kiran malamin boko a nan, "Mushe, kalmar ƙarshen nan, rubuta mini ita."

Na duƙa na rubuta a ƙasa da yatsa. Suka karanta shi da jandarman, suka kalli juna.

A Ingilishi, outrage fushi ne haɗe da kaɗuwa, irin wanda ke kama mutum in ya ga abin da bai zaci ɗan Adam zai aikata ba. Mugun aikin kansa ma haka ake kiransa. A Faransanci kuwa, da haruffan nan dai, cin mutuncin ma'aikacin hukuma ne, laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Jandarma ya ce, "Shi da bakinsa ya faɗa?"

Na ce, "Shi ya faɗa."

Ya ce, "Madalla. Ba a cika samun mai laifi ya faɗi sunan laifinsa ba." Ya gyara hula ya matso. Mista Mensa ya ɗauka gaisuwa ce, ya miƙa masa hannu.

Na shiga tsakani na yi ta bayani, Faransanci na kakkarye mini. Jami'in ya ce bai gamsu ba, kalma ai kalma ce. Mai gari, wanda tun ɗazu yake tsaye da sandarsa, ya ce, "Malam, faɗa mana da Hausa mu ma mu ji."

Na ce, "Baba, cewa ya yi fushi da mamaki sun haɗu sun cika shi."

Ya jinjina kai. "Fushin muna da shi. Mamakin ne ya ƙare mana tuni. In baƙo yana da saura, ku bar shi ya kai wa waɗanda suka aiko shi."

Ba wanda ya yi dariya. Jandarma ya dubi jami'in, jami'in ya dubi ramin, aka koma mota. Kafin bazara aka sake gina rijiyar.

Abokan aiki, in an ɗauke ku tafinta, ku fara bayani kafin a ce ku rubuta. Kuma in magana ta cije tsakanin manya, ku maida ita Hausa a gaban waɗanda abin ya shafa. Su sun san abin da ake nufi.