Jinin Yaya Ya Hau Mota

Kafin na fara aiki a ƙaramin asibitin Dutsin-Ma, na ɗauka jini launi ɗaya gare shi. Sai da na ga an zuba shi a siririyar kwalba, an juya shi a wata na'ura mai hannu kamar keken ɗinki, sannan na san yana rabuwa biyu. Ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kalar narkakken man shanu ya taso sama. Nakan ɗaga kwalbar saitin taga in yi ta kallo, har sai likita ya yi gyaran murya.

'Yan shekaru ke nan bayan samun 'yancin kai. Na gama makarantar 'yan mata, na dawo gida da akwatin littattafai da halin zama shiru ina kallon gajimare. Likitan ɗan ƙasa ne, ya yi karatu a ƙetare, kuma burinsa guda: ya gano ko jini zai iya nuna ciwon zuciya tun kafin mutum ya kwanta. Matan gari ba sa miƙa wa namiji hannu, shi ya sa aka ɗauke ni. Shi ya koya mini lalubo jijiya da sa allura. Yakan ce jini ɗan aiken zuciya ne, duk abin da ke damunta yana ɗauke da labarinsa. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai a lokacin.

Waɗanda suka fi ɗaukar hankalinsa mata ne da ba su daɗe da gama jego ba. Sukan zo ƙafa a kumbure, suna haki kamar sun hau dutse, musamman da bazara. Wata rana muna wanke kwalabe ya ce da ni, "Malama, kanwar nan ta kunun jego nake zargi. Gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki, a ɗora mata ruwa, a ƙara mata zafi."

Na ce, "To likita, me ya hana a gaya wa mutane?"

Ya ce, "Zargi ne. Sai na tabbatar."

A bazarar shekarar Yaya ta haihu a Barkiya, can gaba da Kurfi, inda take aure. Mu biyu ne a wurin mahaifiyarmu, ta rasu ina ƙarama, Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ta raine mu. Ita ce kuma ta tare a Barkiya don yi wa Yaya wankan jego. Ban samu zuwa suna ba, sai bayansa na bi motar 'yan kasuwa zuwa Kurfi, na ƙarasa da ƙafa.

Wanda bai ga jego a garinmu ba, ga yadda yake. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a ciki, a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Ta fito ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Sannan a miƙo mata ƙwarya cike da kunun kanwa, ta shanye. Duk don kada sanyi ya shige ta. A bazarar da ko ƙadangare neman inuwa yake yi.

Na tarar da Yaya zaune, ta jingina da bango, don ta ce in ta kwanta numfashi ƙin zuwa yake. Ta yi mini murmushi ta ce, "Auta, kin zo ganin ɗiyarki?" Kafin ta kai ƙarshen maganar sai da ta huta. Na danna babban yatsana a ƙaurinta, na ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Irin ramin da na saba gani a asibiti.

Na ce, "Gwaggo, don Allah a dakatar da kanwar nan. Da wutar ma."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Mi kika ce? Ke ba ki ga kumburi ba? Sanyi ne ya shige ta. Ai ƙara mata na yi tun shekaranjiya."

"Kanwar ce ke kawo kumburin, Gwaggo. Zuciyarta ce ta gaji."

"Iko sai Allah! Malama 'yar boko, ke da ko goyo ba ki iya ɗaurawa ba, za ki koya mini jego? Da kunun nan na tashi uwarku har sau biyu."

Matan da suka shigo barka suka yi dariya. Wata ta ce a bar ni, turanci ne ya hau mini kai.

Na sami mijin Yaya a zaure yana gyaran igiyar shanu. Mutumin kirki ne, kuma na ga tsoro a idonsa. Na ce, "Malam, a bar ni in kai ta asibiti." Ya ce mai jego ba ta ƙetare ƙofar gida sai ta yi arba'in, in ya bari me zai ce da tsofaffi? Sannan ya ce, "Da dai likitan ne ya zo ya faɗa da bakinsa, da na sami abin riƙewa. Ke ko, ki yi haƙuri, ɗiyarsu ce ke, ba za su ji taki ba."

Magana ɗaya ke nan ake bukata, daga bakin namiji mai farar riga. Na koma Dutsin-Ma da ƙarfin gwiwa, don likita na da mota da direba.

Ya saurare ni sosai, ya yi tambayoyi masu kyau. Sannan ya ce hanyar ba ta da kyau, ga marasa lafiya na jira. Da na matsa, ya cire tabarau ya faɗi gaskiyar. "Malama, in na shiga gidan mutane na ce al'adarsu ke kashe mata, gobe ko mace ɗaya ba za ta ba mu hannu ba. Aikin ya tsaya ke nan. Kuma ban tabbatar ba tukuna." Sai ya buɗe akwati ya miƙo mini allura da kwalba. Ya ce bai taɓa samun jinin wadda ke tsakiyar jego ba, duk sai sun gama suke zuwa. Ya ce direba ya kai ni ya dawo da ni da sauri, kada zafi ya ɓata jinin.

Hanyar da ta yi wa likita muni, ba ta yi wa kwalba muni ba.

Na ce a raina, tunda ga mota, da Yaya zan dawo. Na ɗebi jinin, Gwaggo na ta salati tana cewa an fara sayar da jinin mutane. Na kama Yaya na miƙar da ita, na yafa mata mayafi. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe gefe da gefe da hannu bibbiyu. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta fara. Ta ce in iska ta bugi yarinyar nan a mota ta mutu, da wane ido za ta dubi ɗan'uwanta? Yaya ta zame daga hannuna ta koma ta zauna. Ta ce, "Auta, bar shi. Saura kaɗan a yi arba'in."

Haka na dawo, kwalba naɗe da jiƙaƙƙen tsumma a cinyata, kujerar baya wayam. Jinin Yaya ya ga gonakin gero da aka share ana jiran ruwa, ya ga kasuwar Kurfi, ya ga duwatsun garinmu. Ita tana can kan wuta.

Likita ya juya na'urarsa, ya yi gwaje-gwajensa. Da ya ɗago, fuskarsa a sake take, irin ta manomin da ya ga tsiro. Ya ce abin da yake nema bai taɓa fito masa sarai haka ba. Sai ya tuna da wadda ke tsaye gabansa, ya gyara fuska. Ya ba ni ƙwayoyin da ke sa fitsari, ya ce lallai ta daina kanwa. Na ce, "Kai za ka faɗa, likita. Ni na faɗa." Ya ce in Allah ya yarda, in ya sami sarari.

Na kai ƙwayoyin. Gwaggo ta karɓa ba musu, don ita ba ta ƙin magani. Ta sa wa Yaya ɗaya a baki, ta miƙo ƙwaryar kunu don ta kora da shi. Na riƙe bakin ƙwaryar. Yaya ta dube ni, ta dubi Gwaggo da hayaƙi ya jajanta wa ido, ta ce a hankali, "Sakar mini, Auta. Tun asuba take damawa."

Ta shanye tas, don kunya.

Ba ta kai arba'in ɗin ba. Da hantsi ta cika, a zaune, kanta a kafaɗata, jaririyar na barci gefe. A wurin zaman makoki na ji mata na cewa sanyi mugun abu ne, duk ƙoƙarin da Gwaggo ta yi sai da ya ci ƙarfinta.

Likita ya yi mini ta'aziyya da ladabi. Kwalbar tana nan a jerin 'yan'uwanta, ya ma ware mata wuri. Ban ƙara ɗaga kwalba saitin taga ba. Bayan damina ya tattara akwatunansa ya koma babban birni, na ji an ce ya zama babba, har yana koyar da likitoci abin da jini ke faɗa game da zuciya. Ba na musun iliminsa, wataƙila ma ya ceci wasu. Amma ranar da ya cire tabarau ya san abin da ya sani. Ya auna aikinsa da Yaya, aikin ya rinjaya.

Gwaggo ba ta san ta yi komai ba, har yau. Da yarinyar muka dawo gida, ita ke goyonta, ni ke yi mata wanka. Ran nan ina neman daddawa a ɗakinta na ci karo da ƙullin tsumma mai nauyi. Ta ce ragowar kanwar Yaya ce, mai kyau ce, ta ajiye mini sai ranar tawa haihuwar.

Na fita da ita tsakar gida, na kwance, na zazzage wa awaki. Gwaggo na ta kirana mara kunya. Na tsaya a kansu har suka lashe.