Ranar da Baba Ya Hau Dandamali

Ranar Asabar ta farko bayan hutun Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, aka yi wani ruwan sama a Apo da ya tare ni a hanya. Na kai wa Baba abincin rana a gareji, ina dawowa da kwanuka a leda, kafin in kai kwanar masu faci ruwa ya tsuge. Na ruga na fake a barandar wani tsohon gini da muke kira Dandali. Daga ciki na ji ganga da dariyar yara. Na leƙa ta taga, sai ga wani ɗan ajinmu ya manna gemun auduga, ya yafa bargo, wai shi alƙali, yana yanke wa akuya hukunci saboda ta ci dankalin maƙwabci. Akuyar ma yarinya ce da aka ɗaura wa kunnuwan kwali. Ban san dariyata ta fito fili ba sai da wata doguwar mata mai tabarau ta buɗe ƙofa ta ce, "Yarinya, ruwa yana dukan ka, shigo ciki." Ita ce Madam Saratu, tsohuwar malamar makaranta daga kudancin Kaduna, wadda ke kula da wurin, a Hausarta mace da namiji duk "ka" ne.

Dandali asalinsa sito ne da wani kamfanin gine-gine ya tashi ya bari. Mutanen unguwa suka share shi, kafintoci suka haɗa dandamali da katako a kan bulo, mata suka ɗinke tsofaffin atamfofi aka yi labule. Bencinan kuwa aro ne, rabi daga coci, rabi daga Islamiyya, ranar Lahadi da safe kowa ya zo ya kwashi nasa. Kowace Asabar akwai abin da ake yi. Wani lokaci wasan kwaikwayo, wani lokaci muhawara ko kacici-kacici, wani lokaci Gwarawa su zo da gangunansu har ƙura ta riƙa zubowa daga rufin kwano. An taɓa kawo wata tsohuwa daga Kwali ta gina tukunya a gabanmu, tana zagaya ta da baya da baya. An kuma taɓa kawo wani mutum daga Sheda da madubin da ke ƙara girman abu, ya ɗiga ruwan rafinmu a ciki, muka ga wasu halittu suna iyo, na kwana biyu ina ƙyamar randarmu. Ranakun mako kuma, tsakanin La'asar da Magariba, Madam Saratu tana koyar da manya karatu da rubutu.

Mu a lokacin muna zaune a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, kowane ɗaki da yarensa, Hausa ce kawai ke haɗa mu a tsakar gida. Aikina na safe shi ne layin ruwa a burtsatse, sai shara, sai wanke-wanke. Da yamma in bi Umma ɗan filin da ta samu a bakin rafi, inda take shuka alayyafo da kuɓewa, in tsinko, in kore awakin mutane. In an samu sarari mu yi carafke da 'yar gala-gala a bayan gida. Tun da na san Dandali sai duk waɗannan suka zame mini abin da ake gamawa da sauri domin Asabar ta zo.

Baba mutumin Zariya ne, bakanike, a gareji ana ce masa Oga Sani. Ya yi karatun allo ya sauke, amma bai taɓa shiga makarantar boko ba. Idan aka kawo mota yakan sa a tayar da ita, ya sunkuya ya kasa kunne, kafin a buɗe komai ya faɗi ciwonta. Yakan ce, "Mota ba ta ɓoye ciwonta, mutane ne ba sa saurare." Sai dai in mai mota ya aiko direba da takarda, ko saƙo ya shigo wayarsa, sai ya ajiye har ya dawo gida in karanta masa. Ni kuwa ina jin daɗin hakan, ina karantawa ina ɗaga murya don maƙwabta su ji.

Wata rana aka kira taron iyaye a makarantarmu, aka zagaya da takardar sa hannu. Kowane uba ya karɓi biro ya rubuta sunansa. Da aka zo kan Baba sai malami ya miƙo tawada, ya dangwala babban yatsa, yatsan da baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin farcensa. A hanyar gida na ce masa, "Baba, kai kaɗai ne ka dangwala." Ya tsaya ya saya mini gyaɗa, muka ci gaba da tafiya. Bayan mako biyu Umma ta gaya mini cewa ya shiga ajin Madam Saratu. Yana rufe aiki da wuri, ya wanke hannu da kananzir da omo, ya canza riga, ya je ya zauna a benci tare da masu sayar da tumatir da 'yan acaɓa.

Ya sha wuya da wannan karatun. Hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, ga shi an ce ya juya. Haruffan da ke da ciki ɗaya a gaba ɗaya a baya suna rikita shi. Bayan Magariba yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ya ce, "Bilki, zo ki duba mini." Da farko ina zuwa. Daga baya na fara ƙosawa, domin an ba ni babban matsayi a wasan ƙarshen shekara: ni ce likita mai zuwa ƙauye ta yi wa mutane bayanin sauro da ruwan sha, rabi da Hausa rabi da Turanci. Haddar tawa ce a gabana. In ya yi kuskure sau biyu sai in ja tsaki in ce na gaji. Shi kuwa da ya ji likita zan fito, ya samo siririn tiyo a gareji, ya wanke shi tas, ya haɗa da murfin ƙarfe ya goge har yana ƙyalli, ya yi mini abin auna ƙirji irin na asibiti. Duk cikin 'yan wasa babu mai kaya kamar nawa.

Bikin ƙarshen shekara ya faɗo ranar wata Asabar da rana. Dandali ya cika har tagogi, an zo daga kwatas ɗin ma'aikata, an zo daga gareji. Madam Saratu ta tsara cewa kafin wasanmu 'yan ajin manya za su hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta layi uku da ya rubuta da hannunsa. Mu 'yan wasa muna tsaye a gefen dandamali, a bakin labule. Kusa da ni akwai Fa'iza, 'yar wani babban ma'aikaci, wadda ake kawowa makaranta a mota, wadda na daɗe ina neman ta ɗauke ni ƙawa. Mutum huɗu suka karanta aka tafa musu. Na biyar Baba ne, cikin farar shaddarsa ta Juma'a.

Ya karanta layin farko lafiya: "Sunana Sani." A na biyu ne ya cije. Na san ya haddace abin da ke ciki, amma ya riga ya yi wa kansa alkawarin da ido zai karanta, ba zai yi irin na aku ba. Ya ɗora yatsa a kan kalmar ya ce, "Ni ba... ba-ka... ba-ka-ni..." ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Daga can baya wani matashi ya ce, "Oga, injin ya ƙi tashi, sai an tura." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce sosai, irin ta gareji ce, amma ta yi tsawo. Fa'iza tana dariya ta juyo ta ce mini, "Wai ba babanki ba ne wannan?" Na ce, "A'a, maƙwabcinmu ne." Ban yi tunani ba, maganar ta fita kawai, kuma ba a hankali na faɗa ba. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ya juyo ya dube ni, da tiyonsa rataye a wuyana. Sannan ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri," ya sauka.

Bai fita ba. Ya koma bencinsa ya zauna har aka yi wasanmu. Na yi likita ban manta kalma ko ɗaya ba, aka yi ta tafi, na hango shi ma yana tafawa. Muka taho gida tare, shi a gaba ni a baya, yana gaisawa da mutane kamar kullum. Da Umma ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce, "Likitarki ta yi ƙoƙari." Na jira faɗa, na jira duka, babu wanda ya zo. Ranar Litinin bai rufe aiki da wuri ba. Ya ce motoci sun yi yawa. Daga ranar bai sake komawa ajin ba, kuma bai sake shimfiɗa tabarma ya kira ni in duba masa ba. Saƙonnin wayarsa ma ya koma ba wani yaronsa na gareji yana karanta masa.

Asabar da ta biyo baya Madam Saratu ta tsayar da ni bayan kowa ya watse. Ba ta yi mini faɗa ba, ban ma san ko ta ji abin da na ce ba. Tana naɗe labule ta ce, "Ka san layi na uku da babanka bai karanta ba? Sati uku yana rubuta shi. Ya ce, 'Yata Bilkisu ce likitar yau.'" Na ce to. Na fita na bi ta bayan ginin, na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kuka har aka kira La'asar. Na yi niyyar in ba shi haƙuri a ranar. Da na isa gida na tarar yana alwala, na ce bari sai gobe. Goben nan ta kai shekara goma sha tara.

Na gama makaranta, na zama malamar jinya, na yi aure. Baba ya kamu da ciwon ƙoda, ya daina zuwa gareji, ya rame har shaddarsa ta yi masa yawa. Wata Juma'a da hantsi mijina ya kai ni duba shi ya wuce, Umma ta tafi kasuwa, muka rage mu biyu. Na durƙusa kusa da katifarsa na ce, "Baba, ranar bikin Dandali, abin da na faɗa, ka yafe mini." Sai ya ce, "Wace rana ke nan? Ke dai ki gaya wa mijinki ya duba birkin baya na motar nan, na ji kukansa tun da kuka shigo layi." Na ce to, Baba. Wata biyu bayan nan ya rasu. Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi, ko kuwa yafewar ce ya yi ta hanyar da ba zan ji kunya ba.

Kwanakin baya na bi ta Apo. Dandali yana nan, amma an raba shi shaguna, ana sayar da tsofaffin kayan mota, inda dandamali yake an jera injuna a ƙasa. Madam Saratu ta koma garinsu tun tuni, an ce ido ya hana ta karatu. Yaran da ke tsohon gidanmu yanzu suna zaune a baranda, kowa ya sunkuya a kan waya, babu mai manna gemun auduga. A da, unguwa guda takan taru a ɗaki ɗaya don ta ga yaranta da iyayenta sun gwada abin da ba su iya ba, wani ya dace, wani ya sauka da takardarsa a aljihu. Yanzu ban san inda dattijo irin Baba zai je ya zauna a benci ya fara daga farko ba. Ni dai duk inda aka tambaye ni 'yar wane ce, nakan faɗi sunansa da sana'arsa tun kafin a rufe baki.