Jarkar da Na Ɗauko Daga Awe

Shekarun baya, lokacin ina sayen riɗi a ƙauyuka ina kawowa Lafiya, ina da wata tsohuwar jif mai giyar taimako, irin wadda ke shiga taɓo ta fito. Ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta, amma duk da haka in na faka a unguwarmu Akurba sai na waiwaya na kalle ta sau biyu kafin in shiga gida. Ina ji da motar nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ya ji da ƙarfe.

Wani rani na je Awe gaida kawuna, yayan mahaifiyata. Shi da ita kaɗai suka rage a ɗakinsu. Da zan dawo na duba lagireto na ga ruwa ya yi ƙasa. Matar kawu mai dafa gishiri ce kamar yawancin matan unguwarsu, tsakar gidan cike da tukwane da jarkoki. Na ɗauki babbar jarka guda mai ruwa garai-garai, na cika lagireto, sauran na jefa a bayan mota don ko-ta-kwana. Ban tambayi kowa ba. Duk sanda ruwa ya ragu, daga jarkar nan nake ƙarawa.

Bayan wata biyu allurar zafi ta fara hawa. Na kai wa bakanikena a gareji, wani mutumin Binuwai mai fara'a. Ya leƙa, ya ce, "Oga, wannan mota ba shi da wahala. Tamostat ne. Turawa sun sa shi saboda sanyin ƙasarsu, mu nan zafi ne. Mu cire shi kawai." Aka cire. Kwana huɗu allura ta koma sama. Ya ce fanka ce, ya haɗa ta kai-tsaye da batir, tana ta ihu ko mota a sanyaye take. Allura ta sake hawa. Aka canza bel, aka canza murfin lagireto. Da lagireton ya fara ɗiga, wani direba ya ce in fasa ɗanyen ƙwai a ciki zai toshe, na fasa biyu. Ni da nake ganin na waye, na tsaya bakin titi ina yi wa mota wainar ƙwai. Kowane gyara aka gama, sai in buɗe jarkata in cika mata ruwa da hannuna.

Ana cikin haka, farkon damina, aka bugo waya da safe cewa jikin kawu ya tsananta, kuma yana ta kiran ƙanwarsa. Mahaifiyata tana zaune a wurina saboda ciwon gwiwa. Ta yafa mayafi ta ce, "Ɗan nan, kai ni tasha in hau ta haya. Motar nan taka ban yarda da ita ba."

Na ce, "Haba Inna, jiya-jiya aka gama gyara ta. Na haya sai sun cika, ga tsaye-tsaye. Kafin azahar muna Awe."

Ta dube ni, ta dubi motar, ta shiga.

Ba mu kai Obi ba allura ta taɓa ja. Na tsaya, na jira ta huce, na ƙara ruwa. Muka yi gaba kaɗan, ta sake. Na kashe injin a gangara, na kunna a hawa, na buɗe bonet rabi na ɗaure da tsumma don iska ta shiga. Duk dabarar da na taɓa ji a bakin direbobi na gwada ta a ranar. Inna carbinta kawai take ja. Sau ɗaya ta tambaya, "Da saura nisa?" Na ce saura kaɗan, alhali ko rabi ba mu yi ba.

Bayan Obi, inda hanya ta lalace, tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya mutu. Wurin daji ne, gonakin doya hagu da dama. Motocin haya biyu suka wuce a cike maƙil, har da mutane a but. Mai babur ya tsaya, amma gwiwar Inna ba ta lanƙwasuwa, mun gwada ɗora ta har ta yi ƙara, muka haƙura. Na ba shi saƙo ya turo mana bakanike daga gari na gaba.

Wani dattijon bakanike ya zo da kayan aikinsa a buhu. Ya cire tiyon ƙasa, wani abu fari-fari haɗe da tsatsa ya zubo kamar kunu. Ya kwance famfon ruwa ya nuna mini: fukafukan da ke tura ruwan sun cinye, saura gutsattsari. Ya ce, "Wane ruwa kake sa ma shi?" Na nuna jarka. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar.

"Alhaji, wannan ai ruwan gishiri ne. Wanda mata suke tacewa kafin su dafa. Shi ya cinye maka komai a ciki."

Na ɗanɗana da kaina. Wata uku ina zargin bakanikai, ina zagin masu sayar da kayan gyara, ashe da hannuna nake kashe ta kullum. Na tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce sai an kawo famfo daga Lafiya, lagireton ma ya toshe, ba aikin yau ba ne.

Ina tsaye riƙe da murfin jarka wayata ta yi ƙara. Ɗan kawu ne. Na koma bayan mota na amsa a hankali, amma Inna ta ji salatina. Da na zagayo, ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Rufe motar, ɗan nan. Bar ta ta huce. Yanzu ba ma sauri."

Wata motar ɗaukar doya ce ta taimaka mana bayan la'asar. Mun isa an dawo daga maƙabarta.

Motar na sayar da ita ga masu ƙarafa, ban ko tsaya ciniki ba. Mutane sun yi ta ba ni haƙuri cewa kwana ne ya ƙare, kuma na san gaskiya ne, ko da jirgi muka hau ba za mu ƙara masa minti guda ba. Amma ganawa ai da an yi, kuma ni na hana. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi abarsa. Da ta zage ni ko sau ɗaya, ina jin da na samu sauƙi.

Akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Ranar sadakar uku matar kawu ta ja ni gefe, ba da niyyar ɓata mini rai ba, ta ce tun hantsi har kawu ya cika, duk ƙarar motar da ta wuce ta ƙofar gida sai ya buɗe ido ya ce, "Ita ce?" Shekara shida Inna ta ƙara yi a gidana, kullum ina gaishe ta da safe da wannan magana a cikina.