Takunkumin Ranar Baƙi

Ni da yayana mun yi aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. Da an kawar da amfanin gona sai mu baro ƙauyenmu na wajen Malumfashi, mu yi layi a bakin ƙofa, shugaban leburori ya zaɓi wanda ya ga dama. Ni dako nake yi a fili. Shi kuwa yana bakin inji, inda ƙurar auduga ke tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Idan aka tashi aiki, gashin idonsa ma fari fat yake fitowa.

Maganin da kamfani ya tanadar mana shi ne madara, ƙaramin gwangwani duk Juma'a, wai tana wanke ƙirji. Mu ma da sakarci muka yarda, har godiya muke yi. Ban san ta wace hanya abin da ya sauka ciki zai je ya wanke huhu ba.

Takunkumin rufe hanci kuwa akwai shi, kwali guda a sito. Amma sai ranar da jami'an duba lafiyar ma'aikata za su zo ake raba shi. Motarsu na fita, a bi mu ɗaya bayan ɗaya a karɓe.

A kakar da tarin Yaya ya yi tsanani, aka ce baƙin na tafe. Na same shi a masaukinmu na ce, "Yaya, don Allah in sun tambaye ka, ka faɗa musu gaskiya."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Washegari wata jami'a ta tsaya a gabansa, manaja na gefenta yana murmushi. Ta tambaye shi ko akwai abin da ke damunsu a wurin nan. Ina kallo ya danne tarin, wuyansa har rawa yake. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, sai godiya."

Raina ya ɓaci matuƙa. Da yamma na tare shi da faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Sai ya ce, "Kai, mutum yana ba ka abinci, ka kunyata shi a gaban baƙinsa? Ba haka aka rene mu ba."

Da kaka ta zagayo muka koma layi. Shugaban leburori yana zuwa kusa da mu tarin ya ƙwace wa Yaya, ya kasa tsayar da shi. Mutumin bai ko dube shi ba, ya nuna ni ya wuce.

Na shiga, don akwai yaran Yaya da za su ci tuwo. Wurinsa na bakin inji aka ba ni. Ran Juma'a na karɓi madarata na kai masa gida, ya riƙe gwangwanin da hannu biyu, yana haki, ya ce in yi wa manaja godiya.