Idi Mai Hatimi da saƙon da ya bar min

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina shan shahi ɗansa ya bugo min waya, wai Idi Mai Hatimi ya rasu.

 Idi ya ba ni saƙo, ban kai masa amsa ba.

Matasan yanzu ba ku san shi ba. A zamanin da mutanenmu ke zuwa Makka a ƙasa ta Sudan, Idi ya tsaya aikin boyi a gidan wani Bature a Bur Sudan. A bangon falon akwai tsofaffin zane-zane na ƙasar Ingila, sun fi shekara ɗari. Ga wani mai rawanin zinariya da tumbi kamar randa, ga wazirai masu dogon hanci, ga talaka a ƙasa yana ɗauke da su duka. Kukun gidan ya gaya masa ai mai rawanin sarkin Ingila ne, kuma mutanensa ne suka sassaƙa a farantin tagulla, suka buga da yawa suka sayar a kasuwa. Idi ya ce ranar ya kasa cin abinci don mamaki.

Da ya iso Misfala, unguwarmu a Makka, sai ya kama sassaƙa wa alhazai hatimi. Nawa na farko shi ya yi min kyauta, ya ce sunana gajere ne, bai isa a biya ba.

Amma hannun Idi ba ya zama lafiya. Duk wanda ya zalunci alhazai, sai ya sassaƙa shi a katako, ya shafa tawada, ya buga a takardun ƙunshe gyaɗa. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

Babana yana cikinsu. Shi ke ba alhazai hayar ɗakuna, kuma gaskiya yana cusa su fiye da kima. Idi ya zana shi zaune a kan rufin ɗaki da ƙaton ciki, ƙafafun alhazai na leƙowa ta taga. Wallahi har gemun bai kuskure ba. Baba ya rage mutane a ɗakunan, amma bai sake amsa sallamar Idi ba har ya koma ga Allah. Duk da haka Idi na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Watan jiya na je duba shi a unguwar Hindawiyya. Ya rame sosai. Ya tsokane ni cewa hancina ya ƙara tsawo, muka yi dariya. Sai kuma ya ce duk waɗanda ya sa aka yi wa dariya sun mutu, bai san wa zai roƙa ba. Sannan ya riƙe hannuna.

"Sale, tsakaninka da Allah, Baba ya taɓa cewa ya yafe min?"

Ban taɓa ji ba, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce zan tambayi yayata Hajiya Amina, ita ta yi jinyarsa. Na tambaye ta, ta ce ita ma ba ta ji ba. Shi ne nake ta juya yadda zan gaya masa, har aka kira ni yau.

Idi, ban san abin da Baba ya tafi da shi a zuciyarsa ba. Amma ni da Amina mu kaɗai muka rage cikin 'ya'yansa, kuma mun yafe maka, duniya da lahira.

Jama'a, in Idi ya taɓa zana babanku ko kakanku, don Allah ku yafe masa, ku rubuta a ƙasan wannan fostin 'ya'yansa su gani.

Ya Allah ka gafarta wa Idi, ka gafarta wa Baba, ka sasanta su a wurinka. Wanda ya karanta ya sa su duka biyu a addu'a.